Ire-iren Cututtukan Kwamfuta da Ƙofofin da Suke Bi

Gabatarwa

Cutar kwamfuta ba daga iska take zuwa ba. Manhaja ce wadda wani ya zauna ya rubuta domin ɓarna ko sata. Kowace iri tana da ƙofar da take bi, wanda kuwa ya san ƙofar ya san inda zai sa sakata.

1. Bairos

Wannan yakan manne wa fayil ko faifai, ya jira a kai shi wata na'ura. Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ta faifan filofi ya bazu. Yau filashi ne ya gaji wannan aiki.

2. Tsutsa

Ita takan hayayyafa ta hanyar sadarwa. A watan Mayu na 2000, ILOVEYOU ta fito daga Manila ta Filifin cikin kamannin wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga dukan adireshin da ke cikin imel ɗinsa.

3. Dokin Taroyi

Sunan ya fito daga labarin Girkawa, na dokin katako da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa. Takan zo kamar manhaja mai amfani, mutum ya shigar da ita da hannunsa. Zeus, wadda aka gano a 2007, lambobin sirri na banki take sata.

4. Mai neman fansa

Wannan takan kulle fayilolin mutum, ta ce sai an biya kuɗi. A watan Mayu na 2017, WannaCry ta shiga ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun watan Maris, amma da yawa ba su sa shi ba.

Kammalawa

Yawancin waɗannan ƙofofi gaggawa da sakaci ne ke buɗe su. Mai hikima yakan sabunta manhajarsa a kan kari, ya bincika filashi kafin ya buɗe shi, ya guji saƙon da bai tabbatar da tushensa ba, ya kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin bairos da tsutsa?
2. In kwamfutar ofis ta kulle yau, ina kwafin takardun yake?