Kimiyya a Bakin Gulbin Rima: Yadda Za a Shirya 'Yan Manyan Azuzuwan Firamare Domin Jarrabawa

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar jarrabawar fita firamare ta gabato, malaman aji shida sukan shiga halin gaggawa. Sai a cika allo da ma'anonin kalmomi, yara su kwafa, su yi ta rerawa har muryoyinsu su dushe. Ranar jarrabawa kuwa, idan aka ɗan sauya wa tambaya fasali, sai yaro ya tsaya yana kallon takarda, alhali kuwa amsar tana cikin abin da yake gani kullum a gonar mahaifinsa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa yaro ba ya riƙe darasin kimiyya sai ya ga abin da idonsa, ya fahimce shi da harshensa, sannan a ba shi sunansa na Turanci, a kuma riƙa tambayarsa a kai a kai. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Alkalawa, wato yankin Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato.

Wace jarrabawa ake nufi?

A garin Sakkwato ne aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004. Daga baya hukumar NERDC ta tsara manhajar shekaru tara, wadda aka yi wa gyara a 2012 aka haɗe kimiyya da fasaha cikin darasi ɗaya. Ɗan aji shida yana fuskantar jarrabawar da jiha ke shiryawa, ga kuma ta ƙasa wadda hukumar NECO ke gudanarwa domin shiga makarantun sakandare na tarayya, irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, wadda aka buɗe a 1966, da ta 'yan mata da ke Tambuwal. Da Turanci ake rubuta tambayoyin, kuma na zaɓi-ɗaya ne: a ba yaro amsoshi, ya zaɓi daidai, ya cike gurbinta da fensir.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga yaran wannan yanki. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka tsananta a 2021, sun tarwatsa ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa, har wasu iyalai suka ƙetara zuwa jihar Maradi ta Nijar. Yaron da ya rasa makonni ko watanni na karatu ba shi da lokacin ɓatawa a kan haddar da za ta zube kafin gari ya waye. Ga yarinya kuwa, sau da yawa sakamakon aji shida shi ke yanke hukuncin ko za ta ci gaba ko karatu ya tsaya nan.

Ɗakin gwaji da ba ya bukatar kuɗi

Kukan da aka fi ji daga malamai shi ne rashin kayan aiki. Kukan gaskiya ne, amma kimiyyar firamare ba ta bukatar madubin ƙara girma ko kwalaben sinadarai. A ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima, ta kuma zama babban birnin Gobir har zuwa faɗuwarta a 1808. Birni irin wannan ba ya rayuwa sai da ruwa, da fadama, da jigawar noma. Waɗannan abubuwa suna nan har gobe, kuma su ne kayan aikin malami. Ga gwaje-gwaje huɗu da kowace makaranta za ta iya yi.

Na farko, tsirowar iri. A samo gwangwanaye huɗu da ƙwayoyin wake. A na ɗaya a sa wake a kan busasshen tsumma. A na biyu a sa shi a kan jiƙaƙƙen tsumma. A na uku a nutsar da shi cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ɗan man gyaɗa a sama domin hana iska shiga. Na huɗu a yi masa kamar na biyu, amma a ajiye shi cikin duhu. Bayan kwana uku zuwa biyar, yara za su ga na biyu da na huɗu sun tsiro, na ɗaya da na uku kuwa shiru. Nan take sun gane cewa iri yana bukatar ruwa da iska. Bayan mako guda za su ga na cikin duhu ya yi tsawo, ya ɗashe, ya yi rawaya. Ashe haske ba sharaɗi ba ne ga tsirowar wake, amma sharaɗi ne ga ganye ya yi kore ya haɗa abinci. Wannan bambanci yana cikin wuraren da yara suka fi tuntuɓe a jarrabawa. Sharaɗi na uku shi ne ɗumi, kuma za a gan shi idan aka maimaita gwajin da hunturu, lokacin da tsirowar ke yin jinkiri.

Na biyu, ire-iren ƙasa. A yanke gorunan roba uku, a toshe bakin kowanne da ƙyalle, a kifa su. A zuba rairayin jigawa a ɗaya, lakar fadama a ɗaya, ƙasar gona mai taki a na uku, duk da awo ɗaya. Sai a zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa, a tara abin da ya ɗigo. Rairayi yana sakin ruwa da sauri saboda ƙwayoyinsa manya ne, akwai sarari a tsakaninsu. Laka tana riƙe shi saboda nata ƙanana ne, sun matse. Daga nan sai malami ya yi tambaya: me ya sa ake shuka gero a jigawa, shinkafa kuma a fadama? Ɗan manomi ya san amsar tun kafin ya shiga makaranta, dalilin ne kawai bai sani ba.

Na uku, rayuwar sauro. Da damina a ɗebo ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar tukunya ko taya, wanda ke da 'yan tsutsotsi masu wutsil-wutsil. A zuba a kwalba mai haske, a ɗaure bakinta da yankin gidan sauro. Yara su zana abin da suka gani kowace safiya. Tsutsar za ta dunƙule kamar waƙafi, sannan sauro ya fito. Matakan huɗu ne: ƙwai, tsutsa, dunƙulalliya, sai babban sauro, kuma a yanayin zafi duk yakan kammala cikin mako ɗaya zuwa biyu. A kwatanta da fara, wadda matakanta uku ne, domin 'ya'yanta suna fitowa da kamannin uwarsu, fiffike ne kawai babu. A nan ne za a gaya musu cewa macen sauron anofilis ce ke yaɗa zazzaɓin maleriya, kamar yadda binciken Ronald Ross ya fara nunawa a Indiya a 1897. Malami ne zai ɗebo ruwan da kansa. Kada a tura yara cikin kududdufi ko tafki, domin a nan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya take zaune.

Na huɗu, sanyin randa. A cika randa da bokitin roba da ruwa ɗaya, a ajiye su a inuwa ɗaya, a taɓa bayan awa uku. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan wannan ruwa ya bi iska ya zama tururi, sai ya tafi da zafi. Haka gumi ke sanyaya jikin mutum. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen rairayi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ya kamata yaro ya ji cewa wanda ya yi wannan aiki ɗan ƙasarsa ne.

Matsalar harshe

Tunda da Turanci ake tambaya, wasu malamai suna ganin bayani da Hausa ɓata lokaci ne. Binciken da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna akasin haka. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi mai zaman kansa, aka tarar ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Darasin da ke ciki shi ne, kalma tana zama ne a kan fahimta, kamar yadda jinka ke zama a kan bango. Saboda haka a bi matakai uku. Yaro ya ga abin. Ya bayyana shi da Hausa da bakinsa. Sannan a ba shi kalmar Turanci, ya rubuta ta kusa da zanen da ya yi. Kowane yaro ya keɓe littafi guda mai layi uku: zane, Hausa, Turanci. Kalma biyar a mako ta isa. A shekara uku za ta haura ɗari biyar.

Yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe karatu

Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara rana ɗaya amfani. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka sake karantawa kawai. Makarantun allo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba a raba hadda da tilawa. Don haka malami ya ware minti biyar na farkon kowane darasi, a rufe littattafai, ya yi tambaya uku: ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga na makon jiya, ɗaya daga na watan jiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aji huɗu na kallo ne da sanin suna. Aji biyar na gwaji ne da awo, kamar ƙirga bugun jini a wuyan hannu kafin gudu da bayansa, ko ƙirga haƙora, tunda na yarinta 20 ne, na manya 32, kuma a wannan shekaru ake musanya su. A aji shida ne za a shigo da tsofaffin takardun jarrabawa, a saba wa yara da agogo da cike gurbi da fensir. Kada a tsaya ga faɗin amsar daidai. A sa yaro ya faɗi dalilin da ya sa sauran amsoshin suka zama kuskure, domin a nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi sa'a.

Rawar iyaye

Uwa ko uba ba sai sun iya Turanci za su taimaka ba. Ya isa su ce wa yaro: "Zo ka gaya mini abin da kuka gani yau." Uba ya tuge wake ɗaya a gona ya nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda ƙwayoyin bakteriya ke kama iskar naitirojin su ƙara wa ƙasa ƙarfi, wanda shi ne sirrin haɗa gero da wake. Ya nuna masa gawo, mai kaɗe ganye da damina ya fitar da rani. Idan jarrabawa ta zo, a bar yaro ya yi barci sosai, ya kuma karya kumallo kafin ya fita.

Kammalawa

Mu da ke koyar da ilmin halittu a jami'a mukan karɓi ɗalibai masu iya kawo ma'anar kalma tiryan-tiryan, amma su kasa nuna abin a jikin ganye. Tushen wannan yana firamare, gyaransa ma yana can. Malamin da ke Sabon Birni ko Isa ya fara da gwangwanaye huɗu da tafin hannu ɗaya na wake a wannan mako. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga wake ya tsiro cikin duhu, ko ta wace fuska aka juya masa tambaya zai gane ta.