In Za Mu Kira Masanin Littafi Daga Nesa

Kafin ku shiga darasin wannan wata sai ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 18, ku karanta daga aya 24 zuwa 28. Ku sa alama kuma a Nehemiya sura 8, gama za mu koma can.

A ekklesiyoyinmu na Kakuri, in lokacin babban taro ya gabato, dattawa su kan zauna a kan tambaya guda: wa za mu kira? Sau da yawa sunan da a kan fara ambata shi ne wanda zai cika majami'a. A kan ce wane Dokta ne, ya yi karatu a Ingila ko Amurka, in an buga sunansa a takarda mutane za su zo daga Barnawa har Sabon Tasha. Ba mu raina karatu ba ko kaɗan. Marigayi Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya sami digirin dokta a Dallas ta Amurka, ya kuwa rasu a bakin teku kusa da Mombasa a 1975, ya yi ta gargaɗi cewa ekklesiyar Afirka tana ƙaruwa da mutane amma koyarwarta ba ta da zurfi. Maganarsa ba ta tsufa ba. Sai dai akwai tambayar da ta kamata ta riga waccan: mene ne ba mu gane ba cikin Littafi, har da za mu ɗauko mutum daga nesa dominsa?

Ga misali. Tsofaffinmu sun girma da fassarar Hausa ta 1932, wadda Likita Miller na Zariya ya ke cikin waɗanda su ka yi aikinta. A ciki a kan ce Yesu Kristi. Da fassarar 1980 ta fito sai ga Yesu Almasihu, har wa yau akwai dattijon da zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba. Wanda ya san harsunan asali zai nuna masa cewa Kristi kalmar Helenanci ce, Almasihu kuwa tushenta ɗaya ne da kalmar Ibrananci, dukansu biyu ma'anarsu Shafaffe. Da wannan bayani dattijon zai koma gida da salama. Akwai kuma masu nauyi fiye da haka. Mutumin da aikinsa ya ƙare tun da aka rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002 yana so ya san abin da Littafi ya faɗa a kan baiko in babu albashi. Samarinmu suna ji a waya masu wa'azi suna sayar da mai da ruwa da sunan annabci. A tattara irin waɗannan tambayoyi daga zumuntar mata, da matasa, da ajin baftisma, a rubuta su cikin wasiƙar gayyata wata biyu ko uku kafin taro. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. In ba mu gaya masa inda ke mana ciwo ba, zai kawo darasin da ya shirya wa 'yan makarantarsa.

Yanzu ku dubi Afolos. Bayahude ne daga Iskandariya ta ƙasar Masar, birnin masana, inda aka fara juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Ubangijinmu. Gwanin magana ne, ya san Littattafai ƙwarai, duk da haka baftismar Yohanna kaɗai ya sani. Su wa su ka gane abin da ya rage masa? Akila da matarsa Biriskilla, masu ɗinkin tanti. Wannan ya kamata ya ƙarfafa mutanen Kakuri, unguwar da ta cika da masu aikin hannu tun da aka buɗe masaƙa ta fari a 1957. Ma'aikata biyu su ka saurara da kunnen basira, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba, su ka ja shi gefe su ka ƙara masa haske. Shi kuwa ya karɓa. Saboda haka kada pasto da dattawa su bar majami'a su tafi duba tukunya sa'ad da baƙo ya ke koyarwa. Su zauna a gaba da Littafi a buɗe, gama bayan ya tafi su ne za su amsa a kan abin da garken ya ci.

Ku lura kuma, da Afolos ya so hayewa zuwa Akaya, 'yan'uwa na Afisa su ka rubuta masa wasiƙar shaida. Mu ma mu nemi shaida. Makarantun ba su da nisa: akwai ta Baptist a Kawo, hayin kogi, akwai ta Kagoro, da ta Bukuru wadda aka buɗe a 1959, da ta ECWA a Jos tun 1980. A tambayi shugabanninsu, a tambayi ekklesiyar da mutumin ke sujada a ciki. Takardar digiri ba ta faɗin yadda mutum ya ke zaune da iyalinsa.

Sai zancen harshe, a nan ne taro da yawa ya kan lalace. A Nehemiya 8 Ezra ya hau dakalin katako ya yi ta karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bayyana wa jama'a ma'anar abin da aka karanta. Mutane su ka yi kuka, daga baya su ka tafi cin abinci da murna, dalili kuwa shi ne sun fahimta. Aikin masaƙa ya tara Bajju da Atyap, da Tibi da Idoma da Igala, da sauran kabilu a wuri ɗaya, Hausa ce ta zama harshen sujada ga masu yawa cikinsu. In masanin yana jin Hausa, a roƙe shi ya koyar da ita, ko da Turanci ya fi masa sauƙi. In ba ya ji, a zaɓi tafinta tun da wuri, a ba shi kan maganar da ayoyin ya yi nazari a gida. Tafintan da aka tsayar da safiyar ranar ya kan bar rabin maganar a hanya, tsohuwa kuwa ta koma gida ba ta riƙe kome ba sai cewa baƙon ya iya Turanci.

A ba shi lokaci kuma. Ba daidai ba ne mutum ya yi tafiyar yini guda, sa'an nan waƙoƙi da sanarwa da gaisuwar manyan baƙi su cinye sa'a uku, a ce masa saura minti 20. A ware sa'a guda domin tambayoyi.

Game da kuɗi, wasiƙar Yohanna ta uku ta umarce mu mu yi wa irin waɗannan matafiya guzuri yadda ya cancanta. A lissafta kuɗin mota da masauki da abin godiya tun kafin a aika wasiƙa, a gaya masa gaskiyar ƙarfinmu. Kada a zaga da kwanon baiko a gabansa ana cewa na baƙo ne, wannan abin kunya ne gare shi da mu duka. Wanda kuwa ya fara yanka farashi kafin ya tambayi abin da za a koyar, a bar shi ya huta.

Baƙo raɓa ne. A Nehemiya, kashegari shugabannin gidaje da firistoci su ka komo wurin Ezra domin su ƙara bincike, a nan su ka iske umarnin Idin Bukkoki, su ka fita neman rassan itatuwa. Saboda haka a sa mutum biyu su rubuta koyarwar da Hausa tun ana yinta. A taron addu'a na tsakiyar mako pasto ya bi ta tare da jama'a aya aya, tambayoyin da su ka rage kuma a aika wa malamin a wasiƙa, a karanta amsarsa a majami'a in ta iso.