Darasi Na Goma Sha Biyu: Daga Ina Ƙarfin Bugun Tanis Yake Fitowa?

Ya kai ɗalibi, ka taɓa lura da mace mai kirɓa sakwara? Ba da hannu kaɗai take aiki ba. Takan miƙe ta ɗaga taɓarya, sannan ta rusuna ta sauke ta da nauyin jikinta. Haka abin yake a wasan tanis. Mai koyo yakan zaci ƙarfin bugu a damtse yake, alhali kuwa daga ƙasa yake farawa.

Da farko ɗan wasa yakan lanƙwasa gwiwoyinsa, ya danna ƙasa da ƙafafunsa. Gwargwadon yadda ya danna ta, haka ita ma take tunkuɗo shi sama. Wannan ƙarfi sai ya bi ta cinyoyi ya hau zuwa ƙugu. Ƙugu ne yake fara juyawa, kafaɗu su biyo baya, sannan damtse da wuyan hannu, daga ƙarshe raket, wato madokin ƙwallo, ya tari ƙwallon. Kowace gaɓa tana karɓar sauri daga wadda ta gabace ta, ta ƙara nata, kamar yadda bakin bulala yake fin mariƙinta gudu. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin ƙarfin bugun farko daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa. Ta haka ne John Isner na Amurka ya yi bugun da ya kai gudun kilomita 253 a awa ɗaya a shekarar 2016.

Saboda haka, kada ka damƙe raket da ƙarfi tun kafin bugu, domin ƙanƙamammiyar tsoka ba ta da sauri. Kada kuma ka tsayar da hannunka da zarar ka bugi ƙwallo. Bar shi ya ƙarasa tafiyarsa. Wanda ya bar wa hannu aikin dukan jiki, bugunsa ba zai yi ƙarfi ba, kuma ciwon kafaɗa ko na gwiwar hannu yana iya raba shi da wasan.

Ma'anar Kalmomi
rusuna: duƙa kaɗan
gaɓa: mahaɗar ƙasusuwa
damƙe: riƙe da ƙarfi

Tambayoyi
1. Daga ina ƙarfin bugu yake farawa?
2. Jera sassan jikin da ƙarfin yake bi kafin ya kai raket.
3. Mene ne illar yin bugu da hannu kaɗai?

Aiki
Ka jefa ƙwallo kana zaune, ka sake jefawa kana tsaye. Rubuta jimloli uku a kan bambancin da ka gani.