Tafiya a Kan Keke Tsakanin Fadamar Fit da Rijiyoyin Mai

Ya ku ɗalibai, darasinmu na yau zai kai mu lardin Drenthe na ƙasar Holan, dab da iyakar Jamus. Mai tafiya a kan keke daga ƙauyen Schoonebeek zuwa fadamar Bargerveen zai ga ma'ajiyar kabon iri biyu cikin 'yan kilomitoci kaɗan.

A Schoonebeek aka gano man fetur a shekarar 1943. Akwai injinan zuƙo mai da aka bari domin tarihi, waɗanda a zamaninsu suke gyaɗa kai kamar ƙadangare. An dakatar da haƙar a 1996, sannan aka koma mata a 2011 ta hanyar tura tururi cikin ƙasa, domin man yana da kauri. Asalin wannan mai ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka sarrafa su cikin miliyoyin shekaru.

Ita kuwa Bargerveen fadamar fit ce. Fit shi ne matattun tsirrai da suka taru ba su gama ruɓewa ba. Me ya hana su ruɓewa? Wata gansakuka mai suna Sphagnum ita ce sanadi. Takan riƙe ruwa kamar soso, kuma takan sa shi tsami. Inda ruwa ya kwanta iskar oksijin takan yi ƙaranci, don haka bakteriya ba sa samun sukunin aikinsu. Wannan ne ya sa gawar yarinyar da aka tono a fadamar Yde a 1897 ta shafe kimanin shekara 2,000 da gashin kanta.

Fit yakan ƙaru da kimanin milimita ɗaya kacal a shekara. Amma mutanen yankin sun daɗe suna janye ruwan fadamun, suna yanka fit suna busarwa domin girki da ɗumama ɗaki, har sai da saura kaɗan ya rage. Da zarar fit ya bushe, bakteriya sukan farka, kabonsa ya koma sama ya ƙara ɗumamar duniya. Fadamun fit kashi 3 ne cikin 100 na tudun duniya, amma kabon da ke cikinsu ya zarce na dukkan dazuzzuka. Saboda haka ne aka gina madatsai a Bargerveen domin tsare ruwan sama.

Aikin gida: idan aka yanke fit mai zurfin mita biyu, shekara nawa zai ɗauka kafin ya dawo?