Tsuguno Bai Ƙare Ba: Yadda Sabon Shiga Zai Tashi a Kan Allon Wekbod

A duk tafkin da ake koyar da wasan wekbod akwai abin da masu koyarwa suka gaji da gani. Sabon shiga, galibi ƙato mai ji da ƙarfin damtse, yana kwance cikin ruwa, ƙafafunsa biyu a cikin takalman da ke manne da allo, ya damƙe mariƙin igiya kamar wanda zai ja bijimi zuwa kasuwa. Direba ya ba jirgi wuta, igiya ta miƙe, shi kuma ya fizgo ta zuwa ƙirjinsa, ya yunƙura zai tashi tsaye. Kafin ƙiftawa da bismilla ya kifa da fuska, ruwa ya shige masa hanci. A sake, a kuma sakewa, har sau biyar ko shida, hannuwa su mutu murus, ya fito yana cewa wasan nan ba nasa ba ne. Bayansa sai a sa yarinya ƙarama, wadda ba ta da ƙarfin yin gardama da igiya, ta tashi a karo na biyu tana dariya.

Abin da ya kayar da ƙaton shi ne ƙarfin nasa. Wekbod wasa ne da jirgi mai inji ke jan mutum a kan allo guda, yana zamiya a saman ruwa, kuma injin da ke jan nasa ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi kokawa da igiyar zai sha ƙasa, ko kuwa a ce zai sha ruwa.

Wasan bai tsufa ba. A 1985 wani mai hawan raƙuman teku a San Diego ta jihar Kalifoniya, Tony Finn, ya fito da wani ƙaramin allo da ya kira Skurfer, wanda jirgi ke ja. Shi da Jimmy Redmon na jihar Tekzas, kowa a nasa ɓangaren, suka ƙara wa allon maɗaurin ƙafa. Amma allunan farko masu kauri ne, suna yawo a saman ruwa kamar ƙwarya, saboda haka danna su a tashi a kansu sai mai ƙarfi. A farkon shekarun 1990 kamfanin Herb O'Brien ya fitar da Hyperlite, allo siriri wanda ke ɗan nutsewa, abin da ya sa yaro da dattijo duk suka iya tashi daga cikin ruwa mai zurfi. A 1996 wasan ya shiga gasar X Games, kuma wanda ya lashe ta, Parks Bonifay, shekarunsa 14 kacal. Tun daga lokacin ƙirar allon ta ɗauke wa mutum wahalar tashi, sai dai har yau sababbin shiga suna ta neman wahalar da kansu.

To, me mai koyo zai yi? Ya tsuguna. Yana cikin ruwa, rigar kariya tana riƙe da shi a sama, sai ya kwanta da baya kamar mai hutawa, ya naɗo gwiwoyinsa har su kusa taɓa ƙirji, dunduniyarsa kusa da mazaunansa. Allon ya kasance a gicciye a gabansa, gefensa na sama ya ɗan leƙo bisa ruwa, igiya ta bi ta kansa a tsakiya. Hannuwa kuwa a miƙe, gwiwoyin ƙafa a tsakaninsu, tafin hannu na kallon ƙasa. A nan Bahaushe yana da ɗan gata: wanda ya tashi yana tsugunawa ya gaida manya, ko yana tsugune bakin murhu, jikinsa ya riga ya san zaman da wasu sai sun yi ta fama kafin ƙafarsu ta lanƙwasu haka.

Da jirgi ya fara ja, ruwa zai turo allon da ƙarfi zuwa jikin mutum. Wannan ne lokacin da ake yin kuskure, domin zuciya na cewa a tokare da ƙafa, a ja da hannu. Wanda ya tokare ya mai da allonsa garma, yana ta huɗar ruwa har mariƙi ya kuɓuce masa. Wanda ya ja da hannu kuma ya sa igiya ta yi sako-sako, kafin ta sake miƙewa ya riga ya koma da baya. Abin da ake so shi ne mutum ya zama guga a bakin rijiya: guga ba ya hawowa da kansa, jawo shi ake yi. Ya bar ruwan ya matse masa gwiwoyi a ƙirji, ya bar igiya ta mirgino shi gaba har nauyinsa ya hau kan allon. Cikin daƙiƙa biyu ko uku allon zai fito saman ruwa, ya fara zamiya.

Ko a nan tsuguno bai ƙare ba. Da yawa suna tsallake siraɗin farko, su ji allo ya taso, murna ta sa su miƙe zumbur, su faɗi. Masu koyarwa kan sa ɗalibi ya ƙirga zuwa uku ko biyar yana tsugune a kan allon da ke tafiya, sa'annan ya tashi sannu a hankali kamar tsoho mai ciwon baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe har ƙarshe. Babu wanda zai ci shi tara don ya yi mita hamsin a tsugune.

Sai maganar juyawa, domin a gicciye aka tashi, amma a tsaye allon ke tafiya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Kafin a shiga ruwa ya kamata mutum ya san ƙafar da zai sa gaba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ya tsaya ƙafa a haɗe, wani ya ɗan tura shi ta baya ba zato, ƙafar da ya jefa don ya tare kansa ita ce galibi ta gaba. Juyawar ba da ƙafa ake murɗa ta ba. Idan ya kawo mariƙi wajen ƙugunsa na gaba, allon zai juya da kansa. Mariƙin ya zauna nan ƙasa, kusa da ƙugu, kada ya hau ƙirji. Ido kuma ya tsaya a kan jirgi ko can nesa. Mai kallon ƙafarsa, inda yake kallo can zai je.

Rabin nasarar sabon shiga a hannun direba take, kuma wannan gaskiya ce da abokai masu jirgi ba su cika son ji ba. Direban da ya saba jan masu takalman zamiya na ruwa yakan fizgi mutum da wuta mai yawa, alhali allon wekbod yana da faɗi, ba ya bukatar haka. Ja a hankali, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya isa. Babban mutum mai koyo gudun kilomita 25 zuwa 30 a awa ya wadace shi, yara ƙasa da haka, ƙwararru ne ke haurawa wajen 35 zuwa sama. Igiya ta zama marar talewa, wadda aka yi domin wasan, tsawonta wajen mita 15 zuwa 18. Allo ana zaɓensa ne da nauyin jiki: mai kilo 70 zuwa 80 zai ji daɗin mai tsawon santimita 140 ko kusa da haka, kuma idan ana shakka gara wanda ya ɗan fi girma, don ya fi saurin tasowa, ya fi zama daram. Ba dabara ba ce a sayi kaya kafin a gwada, wuraren koyo suna bayar da haya.

Faɗuwa dole ce, amma akwai wadda ta fi zafi. Allon yana da gefe biyu, na dunduniya da na yatsu, kuma da su ake sarrafa shi: a danna dunduniya ya nufi wannan ɓangare, a danna yatsu ya nufi wancan. Idan allon ya gicciye, gefen yatsu ya nutse yayin da jirgi ke ja, sai ya cije cikin ruwa nan take, ya maka mutum da fuska tun bai ankara ba. A gudun kilomita 30 ruwa ba shi da laushin da ake zato. Maganin shi ne a bar nauyi ya ɗan rinjaya baya, kada a bari gefen da ke fuskantar jirgi ya nutse. Wanda ya ji zai faɗi ya saki mariƙi kawai. Kada ya taɓa naɗa igiya a hannu ko ya zura hannu cikin mariƙi, domin injin ba zai san an faɗi ba. Raunukan da aka fi sani a wasan su ne na kai da fuska, da tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda takan sami masu tsalle idan sun diro da ƙafa a sandare.

A cikin jirgi kuwa, ban da direba dole a sami mutum na biyu wanda aikinsa kawai sa ido kan wanda ake ja. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana, don haka da hannu ake zance: babban yatsa sama, a ƙara wuta, ƙasa, a rage, shafa wuya da gefen hannu, a tsaya, dafa kai, a koma gaɓa. Wanda ya faɗi ya ɗaga hannu a san lafiya lau yake. Idan za a ɗauke shi, a kashe inji tukuna saboda farfela. Rigar kariya kuma ta kama jiki sosai, wadda ta yi yawa takan haye har kunne da zarar an shiga ruwa. Ita rigar ba ta maye gurbin iya iyo. Wanda bai iya ba, darasinsa na farko a wurin koyon ninƙaya yake.

Ba kowa ke da jirgi ba, kuma ba lalle sai da shi ba. Wani Bajamushe, Bruno Rixen, ya ƙirƙiro hanyar jan mutane da waya mai zagaya tafki a kan dogayen turaku, wadda ta fara yaɗuwa a shekarun 1960. Yau irin waɗannan wurare suna da yawa a Jamus, akwai su a El Gouna ta Masar, da yankin Antalya na Turkiyya, da Abu Dabi, garuruwan da ɗalibai da 'yan kasuwarmu ke ratsawa. Ga sabon shiga, akwai wata ƙaramar waya mai turaku biyu da ta fi dacewa, domin mutum ɗaya take ja, mai kula da ita yana iya rage gudu, kuma tana jan mutum sama-sama, abin da ke sauƙaƙa tashi. A can galibi hular kwano wajibi ce, saboda tudun tsalle da aka girka a cikin ruwan.

Wanda kuma ya ga dam ko kogi a gida ya ce bari ya gwada da kwale-kwale mai inji, ya yi tambaya tukuna. Ruwan daɗi a ƙasashenmu da yawa yana ɗauke da tsargiya, madatsun ruwa kan ɓoye kututturen itatuwan da ruwa ya cinye, ga komar masunta, wasu sassan kogin Kwara kuma dorina na nan. Masuntan wurin sun fi kowa sanin inda ba a shiga.

Ranar farko minti goma sha biyar zuwa ashirin a cikin ruwa sun isa, domin da hannu ya gaji kuskure ke ƙaruwa. Tsallake tozon ruwan da jirgi ke bari a bayansa, wanda shi ne asalin daɗin wasan, sai a bar shi zuwa lokacin da mutum ya iya kai-komo tsakanin tozon biyu da dunduniya da yatsu ba tare da ya kalli ƙafarsa ba. Washegari kuma damatsa da gadon baya za su yi tsami, har ɗaga butar alwala sai an cije.