Darasi: Yadda Ake Haɗa Ƙararrawar Gobara a Gini

Gobarar dare ta fi ta rana ɓarna, domin mutane suna barci. Kafin a farka, hayaƙi ya cika ɗaki. Sau da yawa hayaƙin ne yake kashe mutum tun wuta ba ta iso gare shi ba. Shi ya sa ake sa ƙararrawar gobara a asibiti, da ɗakin kwanan ɗalibai, da sito, da manyan kasuwanni. Ƙararrawa ba ta kashe wuta. Aikinta ta ta da mutane da wuri su fita.

Kayan ba su da yawa. Akwai na'ura mai jin hayaƙi. Fara ce, zagayayya, kamar ƙaramin faranti. Akwai 'yar'uwarta mai jin zafi. Akwai ɗan jan akwati a jikin bango, wanda duk wanda ya ga wuta zai danna. Sai ƙararrawar kanta. Waya ce take haɗa su duka da wani babban akwati. Shi ne uwar kayan. Ana kafa shi kusa da ƙofar shiga, inda maigadi da 'yan kwana-kwana za su gan shi da sauri.

Hayaƙi sama yake yi. Saboda haka a silin ake liƙa mai jin hayaƙi, a ba ta tazarar rabin mita daga bango. Kada a sa ta dab da fanka ko taga, don iska za ta kore hayaƙin. Ba a sa ta a ɗakin girki. A can mai jin zafi ce ta dace, in ba haka ba kullum aka ɗora tukunya sai ƙararrawa ta tashi. Jan akwati kuwa a bakin ƙofar fita ake kafa shi, kamar daidai ƙirjin babban mutum.

Babban aikin yana wajen jan waya. Wayar ƙararrawa daban take. Galibi ja ce, kuma an yi ta don ta jure wuta na wani lokaci. Ta fi tsada, shi ya sa wasu masu kwangila suke musanya ta da wayar fitila. Wannan ha'inci ne. Wayar fitila tana narkewa da wuri, sai ƙararrawa ta yi shiru a lokacin da aka fi bukatarta. Haka kuma ba a haɗa ta da wayar lantarkin gida cikin bututu ɗaya.

Waya biyu suke fitowa daga babban akwati. Su shiga na'ura ta farko, su fita, su shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe, kamar raƙuma a ayari. Ba a yi wa layin reshe. A jikin na'ura ta ƙarshe ana ɗaura wani ɗan ƙaramin abu, bai fi ƙwayar wake ba. Masu aikin wayarin suna kiran sa rizista. Babban akwati yana tura 'yar wuta kaɗan ta bi layin har ta kai gare shi ta dawo. In ɓera ya ci waya, ko ta tsinke, wutar ba za ta dawo ba. Nan take akwati zai kunna fitila mai ruwan ɗorawa, ya yi 'yar ƙara. Ma'anarta akwai matsala a layi.

A nan ne malalacin ma'aikaci yake yin dabara. Maimakon ya nemo inda waya ta tsinke, sai ya ɗauko rizista ya ɗaura shi cikin babban akwati. Fitila ta mutu, ƙara ta tsaya, kowa ya ce an gyara. Alhali kuwa layin a tsinke yake. Don haka shugaban makaranta ko ɗan kwamitin kasuwa yana da damar ya ce a nuna masa inda rizista yake kafin a biya kuɗin aiki.

Babban gini ana raba shi shiyya-shiyya, kowace shiyya da layinta da fitilarta. A rubuta sunan kowace a jikin akwati da manyan baƙaƙe: sito, ɗakin mata, bene. Maigadin da ya iya karatu zai san inda wuta take ba tare da ya zaga gini ba.

Akwati yana shan lantarki ta layinsa shi kaɗai, ba ta soket da kowa zai iya zarewa ba. A cikinsa akwai batir biyu, kowane bolt 12, su ba da 24. Su ne suke riƙe shi in an ɗauke wuta. Ƙa'ida ita ce su iya riƙe shi awa 24, sannan su kaɗa ƙararrawa na minti 30. Ɓangaren lantarki aikin gwani ne. Wanda bai koya ba kada ya taɓa.

Da hunturu ƙura takan shiga mai jin hayaƙi, ƙararrawa ta tashi babu wuta. Kada a cire batir don a huta da ƙara. A kira mai gyara ya share ta. Kowane mako a gwada jan akwati ɗaya da ɗan makullinsa, bayan an sanar da mutanen gini. Mako mai zuwa a gwada wani. A rubuta ranar da abin da aka gani a littafi.