Gyaran Fasalin Na'urar Rarrabe Ƙura Domin Iskar Hunturu: Nazari Daga Hunkuyi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi na'urar da ke kama ƙurar iska ta rarraba ta gwargwadon girman ƙwayoyinta, da gyaran da fasalinta ke buƙata kafin a dogara da sakamakonta a Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta ƙura da hazo da hayaƙi tun kafin a ƙera ma'auni. Masana lafiya kuwa girman ƙwaya suke dubawa: manyan ƙwayoyi sukan maƙale a hanci da maƙogwaro, amma wadda ba ta wuce maikuromita 2.5 ba tana kutsawa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar waɗannan ƙanana a maikurogiram 15 cikin kowace kubik mita ta iska a yini.

A Hunkuyi abu biyu ke haɗuwa da hunturu: hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da hayaƙin girki da na wuraren dafa mazarƙwaila. Hazon ya fi yawan manyan ƙwayoyi, hayaƙin kuwa ƙanana ne. Na'urar da ta cakuɗa su za ta ɗora wa wani laifin wani.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

K. R. May ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1945, sannan Andersen ya fito da mai hawa shida a 1958. Famfo yana jan iska ta cikin faifai masu huda, hawa-hawa, ƙarƙashin kowane faifai akwai faranti. Idan iska ta doshi farantin sai ta karkata, ƙwaya mai nauyi kuwa ta kasa binta, ta bugi farantin ta manne. Hudojin suna ƙara ƙanƙancewa zuwa ƙasa, gudun iska yana ƙaruwa, har ƙananan ƙwayoyi su kamu. Daga nan a auna nauyin kowane faranti. A lura, wannan ba aikin rariya ba ne, domin huda ta fi ƙwayar girma nesa ba kusa ba.

3.0 Matsalar Tsalle da Gyaranta

Duk lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa ƙwayar da ta bugi faranti za ta zauna. Ƙurar hunturu busasshiya ce, mai tauri, ga ƙarancin laima a iska, saboda haka takan yi tsalle ta gangara hawa na ƙasa, a ƙirga ta cikin ƙanana. Haka ma idan ƙura ta taru tsibi a ƙarƙashin huda, sabuwa kan tsohuwa take faɗawa, ba ta samun abin mannewa.

Gyara mafi sauƙi shi ne shafa wa faranti maiƙo. Sai dai maiƙon yana gurɓata binciken sinadaran hayaƙi, wanda shi ne rabin abin da ake nema a Hunkuyi. A ganin mai wannan nazari, a shafa wa farantan sama kaɗai, inda ƙurar hazo ke sauka, a bar na ƙasa a tsabtace.

Maganin tsibi kuwa faranti mai juyawa ne, irin na na'urar MOUDI da Marple da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota suka bayyana a 1991, wadda ke baza ƙura daidai a kan farantin. Tana da tsada, kuma tana buƙatar lantarki. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne a ɗora wa bakin na'urar matattara mai juya iska kamar guguwa, ta zubar da manyan ƙwayoyi tun a ƙofa, sannan a taƙaita lokacin ɗaukar samfuri a ranakun da hazo ya yi kauri.

Saura famfo. Girman ƙwayar da kowane hawa ke kamawa ya dogara da saurin iska. Na'urar Andersen, alal misali, an ƙera ta ne a kan lita 28.3 a minti. Da zarar wuta ta yi ƙasa, iyakokin hawayen duka sun gusa ba tare da mai awo ya sani ba. Don haka batir mai cajin hasken rana da ma'aunin saurin iska su zama cikin ainihin fasalin na'urar da za a girka a Hunkuyi.